Takardar Gonar Baban Taba

Shekara shida na yi ina aikin rubutu a kamfanin irin masara na kawuna a Makarfi, kuma abin da na fi tunawa da wurin shi ne wari. Sunan kamfani ne kawai ya yi girma. Ofis ne mai ɗaki biyu a bakin titi da ɗan sito a baya, sai babban sito a Ikara, sai rumfar awo a Kudan inda manoma ke kawo kaya. Mu muke ba manomi iri ya shuka. Malamin gonarmu ya je sau uku ya duba, ya tabbatar gonar ta yi nesa da sauran gonakin masara don kada iri ya gauraya, sannan ya cike takarda ya buga hatimi. Wannan takardar ita ce komai. In kana da ita, masararka iri ce, mu tace mu zuba a buhu mai tambari. In babu, masarar tuwo ce kamar ta kowa, kuma duk hidimar da ka yi wa gonar ta tafi a banza.

A ɗakin ciki muna da tsofaffin kwamfutoci uku jere a ƙarƙashin tebur. Ɗaya tana riƙe da sunayen manoma da lambobin gonakinsu, ɗaya ta buga tambarin buhu, ɗaya ta wasiƙu. Wanda ya saka mana su tun farko ya ce kada a haɗa aikin wannan da na waccan, wai za su yi faɗa, mu kuwa muka riƙe maganarsa kamar wasiyya. Sai an tada janareta suke tashi, suna gurnani suna hura zafi. A wannan ɗakin ma'aikata ke cin abinci. Su ci wake da shinkafa su tura kwanon ƙarƙashin tebur da ƙafa, su sha rake su tara tuƙar a bayan ƙofa. Na yi magana har bakina ya gaji, abin da na samu kawai shi ne aka riƙa kirana likita.

Takardunmu kuwa wani labari ne. Kawu mutum ne mai son addini, don haka ya sa an buga Bismillah a saman kowace takarda ta kamfani. Tun daga nan ba wanda ya sake yaga takarda ko ya jefa ta a shara. In an gama da ita, ko an yi kuskure a ciki, sai a cusa ta a buhu a rataye a saman ɗan siton ofis don kada a taka. Lokacin da nake ba da labari buhunan sun kai tara. Ba wanda ya taka su, gaskiya ne. Ɓeraye ne dai suka mai da su gida, suna bin igiya suna sauka ciki, kuma in ka tsaya a ƙasa da rana tsaka zarnin fitsarinsu har idonka yake shiga.

Wanda ke riƙe da sito da takardu shi ne manaja, ƙanin matar Kawu. Kullum fes yake, riga a goge, turare na tashi. In manomi ya zo neman takardarsa, sai ya dubi sama, ya dubi buhunan nan, ya ce a dawo wani makon. Ni dai tun ranar farko jininmu bai haɗu ba.

A shekarar da abin ya faru, wani dattijo daga ƙauyen Taba ya kawo mana masara buhu talatin. Baba nake ce masa. Gonarsa tana can gefen gari ita kaɗai, kuma na ji da kunnena malamin gona yana cewa bai ga mai kyanta ba a daminar nan. Aka auna a Kudan, aka kai Ikara, sai aka ce ba a ga takardarsa ba. Malamin gona kuma a lokacin ya bar aiki, ga shi an girbe gona, ba abin da za a sake dubawa. Kowace ranar kasuwa Baba zai hau mashin ya zo, ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gida da iyali da aiki da gajiya, sannan ya durƙusa gaban manaja, wanda a shekaru Baba ya haife shi.

"Ranka ya daɗe, ko an dace?"

"Ana nan ana dubawa, Baba. Ka ƙara haƙuri."

Ba a duba komai. Ni ce a ofis, da an sauke buhu ɗaya da na gani. Haka aka yi ta jan dattijon nan tun daga kaka har bazara ta shigo, masararsa tana jibge a Ikara.

Wata safiya kwamfutar sunayen manoma ta ƙi tashi, wani wari kuma ya cika ɗakin wanda ya fi na kullum. Manaja har da murmushinsa ya gaya wa Baba cewa yanzu kam sai abin da Allah ya yi, tunda sunansa ma ya mutu a cikin inji. Kawu ya ga aiki ya tsaya cak, dole ya kira wata injiniya daga Zariya, mace mai ƙarancin magana, da jakarta a baya. Ta kwance murfin kwamfutar a gabana. Ɓera ce ta yi sheƙa a ciki da tuƙar rake da yagaggun takardu, ta ciji waya wuta ta kama ta, ta mutu ta kumbura a nan. 'Ya'yanta jajaye ba gashi suna ta motsi a gefenta, kyankyasai kuma suka watso kan tebur har cikin kofin shayin manaja. Na fita da gudu na yi amai a bakin kwata. Da na dawo na tarar injiniya ta ɗaura takunkumi tana aikinta kamar ba komai.

Ta ce faifan ajiyar bai lalace ba. Sannan ta dubi sauran biyun ta ce wa Kawu, "Alhaji, waɗannan ma ranarsu na nan tafe. Ka sayi inji ɗaya mai ƙarfi, abin da muke kira saba. Zan kwashe waɗannan ukun yadda suke in zuba su a cikinsa."

Kawu ya ce ai an ce in aka haɗa su faɗa suke yi.

Ta ce, "Ba cakuɗa su zan yi ba. Kamar gidan haya ne, gini ɗaya, kowa da ɗakinsa da makullinsa. Kowacce za ta ci gaba da zaton ita kaɗai ce a duniya. In ɗaya ta rikice, akwai kwafinta na jiya, sai in tashe shi, sauran ba su ma san an yi ba."

Abin da ya ja hankalin Kawu dai shi ne da ta ce inji ɗaya sola da batir sun ishe shi, ba sai an kwana ana ɗura wa janareta mai ba. Aka sayo, ta saka shi a cikin akwatin ƙarfe mai raga, ta kafa a bango sama da ƙasa, ta hana cin abinci a ɗakin. Maganar da na shekara biyar ina yi, ita sau ɗaya ta faɗa aka bi. Kwana biyu tsakani na zauna a teburina na buɗe kwamfutar da ɓera ta kashe, ga ta nan a raye cikin sabon injin, sunayen manoma cif, har da na Baba da lambar gonarsa.

Da za ta tafi ta leƙa sito, ta ɗaga kai ta ga buhunan. Ta tambaya, na gaya mata. Ta ce akwai sauran wuri a injin, za ta buɗe ɗaki na huɗu ba tare da an sayi komai ba, na neman takardu. Na san da sabuwar kwamfuta ta ce a saya, da Kawu ya rufe zancen a nan. Aikina kawai in ɗauki hoton kowace takarda da na'ura. Ba sai na jera su ba, injin zai karanta abin da aka buga a jikinsu, in na rubuta kalma ko lamba ya fito mini da duk inda take. Na Ikara da na Kudan ma za su iya nema daga wayarsu. Manaja ya yi dariya ya ce buhu tara ba wasa ba ne, har ya sa aka sauko mini da su, ya koma can nesa yana toshe hanci da hankici.

Mako uku na yi a kan buhunan nan, da takunkumi da safar hannu. Wasu takardun sun manne da juna, sun yi rawaya, sai na sa wuƙa na ɓamɓare. Kashin ɓera kuwa na share ya fi mudu. Na tarar da ɓawon gyaɗa, da ƙashin kifi, da wata busasshiyar tsaka a tsakanin wasiƙu biyu. A saman kowace takarda ga sunan Allah. Na gaya wa Kawu cewa in wannan ne girmamawa, to gara a ƙona su da mutunci, ya ce bakina ya yi yawa. Da na koma gida sai na yi wanka sau biyu kafin in iya taɓa abinci, kuma duk da haka ina jin warin a maƙogwarona.

Ranar da na gama, ban tsaya komai ba na rubuta lambar gonar Baba. Kafin in sauke hannu takardu biyu suka fito. Ta farko ita ce ta asali, da sunan Baba da hatimi da sa hannun malamin gona, daga cikin buhu na bakwai, an ninke ta an cusa a tsakiyar tsofaffin wasiƙu. Ta biyu kwafinta ce, lamba ɗaya, hatimi ɗaya, amma an shafe sunan an rubuta na wani mutum, shi ma ɗan Taba. Rubutun manaja ne, ko a mafarki na gan shi zan gane. Masarar wancan mutumin, wadda ba a taɓa duba gonarta ba, tuni muka zuba ta a buhunanmu da tambarinmu, muka raba wa dillalai.

Na daɗe ina kallon allon. Mutum ya iya cin amanar tsoho, ya bar shi yana zarya wata biyar yana durƙusa masa, amma hannunsa ya kasa yaga takarda saboda akwai Bismillah a samanta. Sai ya ninke ta a hankali ya ajiye a sama, inda ba za a taka ba.

Na buga duka biyun na ajiye wa Kawu a gabansa, manaja na tsaye. Kawu ya karanta, ya cire tabarau, ya sake sakawa. Manaja ya ce kuskuren aiki ne. Na ce, "Kawu, kuskure ba ya zuwa da farin ruwan goge rubutu." Kawu ya ce in yi shiru. Ya ce magana ce ta cikin gida, za a janye buhunan da ba a sayar ba, a ba dattijo takardarsa, kuma kada ya ji zancen a waje. Manaja bai bar aiki ba. An dai karɓe makullin sito daga hannunsa na ɗan lokaci, daga baya aka mayar masa. Abin da ya canja shi ne daga ranar ba wanda ya sake iya cewa takarda ta ɓata, don mai awo a Kudan ma yana iya ganinta a wayarsa kafin manomi ya gama gaisuwa.

Kafin a zuba masara a buhun iri sai an yi gwajin tsiro. Ana ƙirga ƙwaya ɗari a shuka a faranti da yashi mai laima, a jira mako guda. Ni na je Ikara na ɗebo ta Baba. An jingine buhunan da bango inda rufi ke yoyo, kuma an yi ruwan farko har sau biyu. Na sa hannu na ji ɗumi, na fito da shi da gari da ƙwari, ga warin ruɓa. Duk da haka na shuka, kullum ina yayyafa ruwa ina leƙawa. Ko rabi ba su fito ba.

Da Baba ya zo ranar kasuwa, ni aka bar wa faɗa masa. Na ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Na miƙa masa takardarsa, na nuna masa farantin. Ya daɗe yana taɓa 'yan tsiron da yatsa. Sai ya tambaye ni ina aka samo takardar. An ce kada in faɗa, amma raina ya riga ya ɓaci, kuma a ganina haƙƙinsa ne. Na gaya masa komai, har da sunan mutumin.

Ya waiga ya dubi ƙofa. Ya ce, "Katangarmu ɗaya da shi. Shi yake kawo ni nan a mashin ɗinsa kowane mako, yana waje yanzu haka yana jirana." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Da kin bar ni ina zaton ɓata ta yi, 'yata, da ya fi mini sauƙi."

Ya yi mini godiya, ya leƙa ya yi wa Kawu sallama, ya sa takalminsa a bakin ƙofa. Ta taga na ga maƙwabcin ya tada mashin yana yi masa magana, Baba ya tattare rigarsa ya hau baya.