Fiton Mai Gyaran Keke

Duk layin sun san tsohon da ke gyaran keke a rumfar ƙofar gidansa: mutum mai giɓi a haƙori, mai ƙarancin magana, wanda ko faci zai yi sai ya duba taya kamar mai neman laifi. Matarsa ta rasu tuni. Daga shi sai autarsa mai ɗinki, sai wani jan kare da yake kira Guntu.

Ya taɓa yin wani kare kafin Guntu. Wata rana ya tsallaka titi sayen gam, karen ya biyo shi a guje, mota ta bi ta kansa. Tsohon bai yi kuka ba, amma daga ranar ya ɗauki abin a ransa. Da ya samo Guntu, abu ɗaya ya sa a gaba, ya koya masa zama.

Zai ce, "Zauna," ya ja da baya kaɗan, ya dawo ya ba shi guntun nama. Washegari ya ƙara nisa. Sannu a hankali har ya kai yana shigewa bayan rumfa, yana zagaya layi, karen na nan daram. Ba ya tashi sai ya ji fito, wani siririn fito da ke fita ta giɓin nan, wanda babu mai iya kwaikwayonsa.

Har Auta ya sa a aikin.

"Kira shi, Auta. Nuna masa ƙashi."

"Haba Baba, wannan ai mugunta ce. Dubi yadda yake haɗiyar yawu."

"Kira shi dai. In ya tashi don ke, gobe zai tashi don mota."

In Guntu ya motsa, tsohon ya mayar da shi wurinsa, a sake daga farko. Auta tana dariya tana kira, har karen ya daina ko juya mata kunne. Da bakinta ta koya masa ƙin jin muryarta.

Ranar da ciwon ƙirji ya kayar da tsohon a rumfa, maƙwabta suka kinkime shi zuwa mota. Guntu ya taso zai bi. Tsohon ya ɗaga yatsa da ƙyar ya ce, "Zauna." A asibiti kuma, da za a shige da shi ciki, ya dubi Auta ya ce, "Jira ni nan, yanzu zan fito."

Bai fito ba.

Guntu ya zauna a bakin rumfa, idonsa a kan titi. In Auta ta kawo abinci sai ya shinshina ya kau da kai, ruwa kawai yake ɗan lasa. Haƙarƙarinsa suka fara bayyana. Ta kira, ta lallashe shi, ta ja shi da igiya har tsakar gida, tana saki ya koma. Ta gwada fito har leɓɓanta suka yi zafi. Mai walda na kusa da su ya gwada nasa, karen ko kallo. Tsoro ya kama ta, don ta ga abin da ya rage mata na Baba zai mutu a ƙofar gida tana kallo. Ta ji haushin tsohon ƙwarai, sannan ta ji kunyar haushin.

Wata la'asar tana zaune a kan bencin rumfar, ɗinki a cinya, titi shiru. Sai kunnuwan Guntu suka miƙe. Ya tashi, yana kaɗa jela. Ya taka zuwa inda tsohon ke tsayawa wajen famfon iska, ya ɗaga kai, ya lumshe ido kamar ana shafa shi. Daga nan ya wuce wajen kwanonsa ya fara ci.

Auta ta ajiye ɗinkin. Ta dubi wajen famfon, babu kowa.

"Baba," ta ce a hankali, "ni ma fa ka ce in jira."

Ta kasa kunne har rana ta faɗi. Ita ba ta ji fiton ba.