Sixten Backlund da Injin Ragnvald

Kafin garin Orsa ya gama farkawa, Sixten Backlund ya riga ya share ƙanƙarar bakin garejinsa, ya ɗora kofi a wuta. In an kawo masa mota, ba ya gaggawar ɗaukar sifana. Sai ya ce a tayar da ita, ya kafa bakin doguwar sukundireba a jikin inji, ya manna kunne a ƙotarta, ya lumshe ido. Haka muka taso muka gan shi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don kunnen ya fara nauyi.

Cikin tsofaffin motocin Amurka da muke fitarwa jerin gwano duk bazara, da wuya ka sami wadda ba ta bi ta hannunsa ba. Amma abin da ya sa ni wannan rubutu shi ne labarin da Gunvor, matar marigayi Ragnvald, ta ba ni.

Da likita ya gaya wa Ragnvald ciwonsa ba na tashi ba ne, sai ya shige rumfar motarsa, ya kwance injin kaf, ya sake haɗa shi da sababbin kaya masu ƙarin ƙarfi. Burinsa ɗaya, ya shiga jerin gwanon shekarar. Ranar da ya tayar, sai ga ƙara daga saman injin, ƙyas-ƙyas-ƙyas.

Sixten, abokinsa tun ƙuruciya, ya zo ya saurara, ya cire murfin sama. Wurin da ya kamata ya jiƙe sharkaf da baƙin mai a bushe yake. Roka, 'yan ƙarafan nan da ke danna bawul don inji ya shaƙi iska, sun cinye, sun yi shuɗi don zafi. Ashe sandar da suke zaune a kai a kife aka ɗaura ta, mai ya rasa hanyar isa gare su.

"Kayan banza suka sayar min, ko?" in ji Ragnvald.

Gunvor na bayansa tana yi wa Sixten alama da ido ya ce e.

"Kaya lafiyarsu ƙalau," in ji Sixten. "Kai ka kifa sandar, tsohon banza."

Ragnvald ya dubi hannuwansa. "To, ɗauki motar ka gyara. Ni tawa ta ƙare."

"Wa zai gyara maka? Ni fitila zan riƙe. Ungo sifana."

Kwana da kwanaki Sixten na rufe garejinsa da rana, ya zo ya tsaya da fitila. Noti ya suɓuce, ya tsugunna ya ɗauko ya miƙa, amma ko ɗaya bai ɗaura da hannunsa ba. Da suka sake tayarwa, suka tsaya suna kallon mai na bulbulowa kan kowace roka. Gunvor ta ce rabonta da jin irin wannan dariyar mijinta tun kafin a fara zaryar asibiti. Ya shiga jerin gwanon, tana gefensa. Kafin ganyen itatuwa ya zube a shekarar, ya rasu.

Kai ne, Sixten, ka ƙi yi wa marar lafiya ƙaryar lallashi, ka kuma ƙi raba shi da aikin hannunsa. Gunvor ta ce in gaya maka, ranar nan ta ji haushinka sosai, yau kuwa ba wanda take gode wa kamarka.

Mu ma mun gode, sarkin haƙuri. Ku kuma masu tasowa, ku yi koyi da shi: in naku ya yi kuskure, ku faɗa masa gaskiya, sannan kada ku tafi ku bar shi da ita shi kaɗai.