Yadda Muka Tashi Rugar Inna

Mahaifiyata ta kwanta ciwo bayan ta haife ni, nononta ya ɗauke. Wata Bafulatana da rugarsu take bayan garinmu, can kusa da Fakku, ita ta shayar da ni tare da ɗanta, wanda ya girme ni da wata biyu. Na tashi ina kiranta Inna. Ɗan nata kuwa bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce Kaɗo, ni kuma in rama da abin da ya zo bakina. Tare muka sha duka a makarantar allo, tare muka koyi iyo a tafkin fadama.

Rugar ta girmi mahaifina. Kakanninsu suna kwance a maƙabartarmu. Duk mai saniya a garin wurinsu yake kai kiwo, in an gama girbin gero da dawa kuma shanun su shiga gonaki su ci kara su bar mana taki. Ba mu taɓa lissafa su cikin baƙi ba.

Ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal lokacin da ɓarayin daji suka fara matsowa ƙasar Kebbe. Duk Jumma'a nakan hau babur in zo gida, in koma ranar Lahadi. Wata rana aka shiga wani ƙauye gabas da mu da rana tsaka, aka kore shanu, aka kashe mutum biyu. Tsoro ya shigo garinmu ya zauna.

Akwai wasu mutum biyar da suke zama a rumfar mai gyaran babur. Ɗayansu, wansa yana cikin waɗanda aka kashe, kuma har yau ba na ganin laifin zafin zuciyarsa. Sauran huɗun ban san abin da yake ransu ba. Su ne suka fara maganar, kuma ba da ihu suka fara ba, tambaya kawai suke yi.

“Mi ya hana a taɓa shanun ruga? An kwashe na kowa, su nasu ko ɗan maraƙi bai ɓace ba.”

Ranar da na fara jin wannan, dariya aka yi musu. Wani tsoho ya ce ai namu shanun ma a rugar suke, su ma ba a taɓa su ba. Na ɗauka magana ta mutu nan.

Sati na gaba na ji ta a wurin suna. Na bayansa na ji ta a zaman makoki, daga bakin wani cikin biyar ɗin, da kalmomi iri ɗaya. Ba su taɓa saɓa wa juna ba, ba su taɓa gajiya ba. In ka musa, ba sa yin fushi, sai su dube ka su ce, “Allah shi sa gaskiyarka ta, Malam.” Da yake kowannensu yana da unguwarsa da majalisarsa, duk inda ka zauna sai ka ji ta, har ka ɗauka gari duka ne yake faɗa. Mu da ba mu yarda ba mun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma kowannenmu sau ɗaya ya musa, ya ga ya sauke nauyi, ya koma harkar gonarsa.

Mata suka fara daina sayen nono. Matata ta ce mini ita tana saye, amma sai ta leƙa ta ga ba kowa a ƙofar gida. Inna ta tsufa lokacin, surukarta ce take kawo tallan. Na ga yarinyar da idona ta zagaye gari ta koma da ƙwaryarta cike.

Kafin damina ta faɗi aka kira taro a ƙofar mai gari, bayan la'asar. Ɗaya cikin biyar ɗin ya miƙe ya yi magana a natse. Ya ce ba ya zargin kowa, amma hankalin jama'a bai kwanta ba, gara mutanen ruga su matsa wani wuri har ƙura ta lafa. Mai gari ya dube mu ya ce, “Akwai mai magana?”

Liman ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Ni ina da magana, na shirya ta tun a kan babur. Na so in ce nonon matar nan ne a jikina, in ce ba wanda ya kawo shaida ko guda. Na duba fuskokin mutane, na ga kamar kowa ya riga ya yarda, na ji tsoron a ce malamin makaranta yana kare ɓarayi don ɗan'uwansa ne. Na yi shiru har aka shafa fatiha.

Asabar ɗin satin da ya biyo baya ɗan'uwana, ɗan Inna, ya bi gida gida yana mayar wa kowa da dabbarsa. Da hantsi ya iso ƙofarmu da bajimai biyu na mahaifina. Ya miƙo mini igiya.

“Malam, ga amanarku. Wanga na ɗingishi kaɗan, ƙaya ta taka shi, na cire. A riƙa wanke mai da ruwan gishiri.”

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar. Na ce, “Ina za ku?”

“Inda Allah ya nuhe mu.”

“Abin ga ba ya daɗewa, za ku dawo.”

Ya dube ni. Sai da ya juya ya ce, “Inna na tambayarka.”

Na ce ina nan zuwa. Ban je ba. Na kasa tunanin yadda zan tsuguna gabanta in gaishe ta. Ba ni da aiki sai Litinin, amma a ranar na tayar da babur na koma Tambuwal.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Da damina ta yi nisa, mutane suka fara sakin baki ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabcinmu ya ce mini shi bai taɓa yarda ba, ya ga kowa ya yi shiru ne. Mai shayi ya faɗi haka. Liman da kansa ya riƙe hannuna a bakin masallaci ya ce, “Da mutum guda ya tashi, da na bi bayanshi. Kai nika jira.” Na ce ni ma shi nake jira. Har ɗaya daga cikin biyar ɗin na ji yana cewa shi tambaya kawai ya yi, gari ne ya yanke hukunci.

Tashin rugar bai hana komai ba. Shekara ba ta zagayo ba aka shigo mana mu ma.

Sai bayan shekara biyu na sake ganin ɗan'uwana, ranar kasuwar Tambuwal, a wajen masu tumaki. Ya rame, gemunsa ya fara fari. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta waɗanda ba su san abin da za su ce ba. Ya ce sun zauna wajen Sanyinna, ba su daɗe ba aka nuna ba a son baƙin Fulani, suka ƙara gaba. A can daji ɓarayin suka same su, suka kwashe shanun duka. Yanzu tumakin wani yake kiwo.

Na ce, “Inna fa?”

“Ta cika bara, da kaka. Ba ta sha wuya ba.”

Na zauna a kan wani turmin icce. Na tambaye shi ko ta yi fushi da ni. Ya ce a'a. Ya ce duk wanda ya ambaci sunana sai ta ce aikin gwamnati ne ya riƙe ni, ba a ba malamai hutu yadda suke so.

Na roƙe shi ya zo gidana ya ci abinci. Ya ce mai tumakin yana jiransa, kuma motar garinsu ba ta jira. Na raka shi har tasha. Na tambaye shi inda aka binne ta, ya kwatanta mini, na rubuta a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibi da take aljihuna. Motar ta cika, ya shiga baya tare da tumakin da ba a saya ba, suka tafi.