Ciwon Kwatangwalon da Na Ɓoye Ya Raba Ni da Gidan Mijina

A shekarun da nake so in ba ku labari, ni matar manomi ce a wani ƙauye kusa da Fadan Kagoma. Ban yi makaranta ba, wannan ma wata 'yar'uwa ce a zumuntar mata ta cocinmu take rubutawa ina faɗa mata. Mijina ya yi leburanci a reluwe a Kafanchan, da ya yi ritaya muka koma gida muka kama noman citta. Yaranmu duk sun watse neman abinci, muka rage mu biyu, kuma ban taɓa jin gidan ya yi mana girma ba.

Ciwon ya fara mini a kwatangwalon hagu, bayan shekaru na sunkuyo a gona da ɗaukar buhu. Da rana yakan bar ni in yi aiki, amma da na kwanta sai ya taso, ya bi cinya har gwiwa. Mijina shi yake ɗora ruwa a wuta, ya tsoma tsumma ya gasa mini wurin, ya shafa man kaɗe. In mun kwanta sai in juya ta dama in ɗora ƙafar a kan tasa. Yakan yi mita, wai ƙafata ta fi buhun ɗanyar citta nauyi, wai da ya sani da ya nemi ragi a kuɗin aurena. Ni kuma in ce masa ai ya saba dakon kayan jirgi. A haka muke barci, kuma bai taɓa janye ƙafarsa ba, ko da ta yi masa tsami.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, da damina. Aka binne shi a bayan ɗakinmu, kusa da bishiyar lemo da ya dasa. Kamar yadda muke yi, aka shimfiɗa mini tabarma a ƙasa, matan zumunta da dangi suka kwana tare da ni kwanakin makoki, ana waƙoƙi ana addu'a. Da suka naɗe nasu tabarmin suka tafi, ni ban naɗe tawa ba. Na gwada hawa gadon sau ɗaya, na miƙa ƙafa ta faɗa kan katifa babu kowa, sai na sauko. Daga ranar na ci gaba da kwana a kan siminti, ga sanyin damina yana tasowa ta ƙasa. Kuma ta hagu nake kwanciya, a kan ciwon, domin ta nan ne fuskata take kallon bangon da kabarinsa yake bayansa.

'Yata ta fari malamar makaranta ce a Kafanchan. Tun ranar jana'iza ta fara maganar in koma wurinta, na ce mata lafiyata ƙalau, ba mai raba ni da gidan ubanta. Na san in ta ji ba na barci, mota za ta kawo. Saboda haka duk ranar da za ta zo sai in share ɗaki, in ɓoye tabarmar a bayan ƙofa, in gyara gadon kamar wadda ta tashi a kansa. In ta tambaye ni ƙafa, in ce da sauƙi, in cije in miƙe in ɗebo mata ruwa don ta gani da idonta. Wata maƙwabciyata ta lura ina ɗingishi, na roƙe ta don Allah kada ta kai maganar gari.

Akwai mai sayar da magani a kan mashin da yake zuwa ranar kasuwa. Na faɗa masa damuwata, ya kira ni Mama, ya haɗa mini ƙwayoyi ja da rawaya a leda, ya ce ko ƙashi ne ya karye za su kwantar. Sun kwantar da farko. Daga baya sai na riƙa farkawa cikin dare in ƙara sha, ciki babu komai, domin tun da mijina ya rasu ban cika dafa tuwo ba. Wa zan dafa wa? In barci ya ƙi, in zauna in jingina da bango in yi ta ba shi labarin gona, wa ya haihu, wa ya sayar da akuya. Cikina ya fara zafi, bayan gidana ya koma baƙi, duk ban gaya wa kowa ba. Wata safiya ina share ganyen lemo a kan kabarin jiri ya kwashe ni. Maƙwabciyar nan ce ta same ni a ƙasa.

A asibiti a Kafanchan na farfaɗo, ana ƙara mini jini. Likita ya ce ƙwayoyin ne suka cinye mini ciki, kwatangwalon kuma gaɓar ce ta goge da tsufa, kwanan ƙasa da danne wurin suka ƙara masa. Wata nas ta zo ta nuna mini yadda zan riƙa kwanciya. Ta juya ni ta dama, ta lanƙwasa mini gwiwa, ta sa filo a tsakanin ƙafafuna, ta ce haka ake sauke wa gaɓar nauyi, kuma a riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi kafin barci. Da ƙafata ta zauna a kan filon nan sai na fashe da kuka. Ta tsorata, tana tambaya ko ta fama mini ne. Na kasa gaya mata cewa aikin da filon nan yake yi, wani ya yi mini shi shekara da shekaru yana mita yana dariya.

'Yata ma ta yi kuka. Ta ce da na faɗa mata gaskiya tun farko, da ta kawo ni an duba ni ta mayar da ni gida, ta nemo wata daga dangi ta riƙa kwana da ni. Ta ce ita ma ba ta son a rufe gidan babanta. Amma yanzu likita ya ce ba zama ni kaɗai, kuma ba ta da zuciyar da za ta sake yarda da "da sauƙi" daga bakina. Ban ga laifinta ba.

Ina gidanta yanzu. Ana kula da ni, ciwon ya ragu, ina samun barci. Amma nakan farka da asuba ban san ta ina gabas take ba a ɗakin nan, in yi ta tunanin ko ciyawa ta rufe kabarin mijina, ko akwai wanda ya tuna ya leƙa. An sa wa ƙofarmu kwaɗo, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanena.

Abin da na koya shi ne ɓoye ciwo ba ya tsare wa mutum komai. 'Yan'uwana gwauraye, in kwanakin makoki sun cika, ku naɗe tabarma ku hau gado, ko da kuka za ku yi a kai. Kada ku sha ƙwayar da ba likita ne ya ba ku ba. Ku kuma 'ya'ya, in tsohuwa ta ce da sauƙi, ku kwana a ɗakinta ku ji da kunnenku. Ku faɗi ciwonku tun ana tambayarku inda kuke so ku zauna. Ni na yi shiru har aka daina tambayata.