Maganar da Na Sa a Bakin 'Yar Fakistan

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, ina girgiza kai ina cewa Allah ya kyauta, alhali nawa yana nan a ƙirjina kamar dutse. Yau na ce bari in sauke shi. Ba zan kira sunan kowa ba, waɗanda abin ya shafa za su gane kansu.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da uku, a wani babban gidan haya a Maamobi, nan Accra, mai ɗakuna goma sha biyu da famfo ɗaya. Ni da ƙanwata muka tashi a hannun kakarmu, wadda kowa ke kira Mma Hajiya, domin iyayenmu sun rasu muna ƙanana. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi. Ni aka bari a makaranta har na gama sakandare, ita kuwa ƙanwata tun daga aji huɗu ta dawo gindin kasko tana taya Mma Hajiya. A duk matan gidan ni kaɗai ke iya karanta Turanci da sauri, kuma wallahi na ɗauki kaina wata tsiya saboda haka. Takardar asibiti ni, saƙon waya ni, wasiƙar mai gida ni. Ga baki, ga iyayi. Idan aka kawo min takarda sai na gama jan aji kafin in karanta.

Babban aikina shi ne fassarar wasan Fakistan. Bayan la'asar, in an gama wanke-wanke, matan gidan sukan taru ƙarƙashin rumfa, in jingina wayata da gwangwanin madara. 'Yan wasan suna yarensu, rubutun Turanci yana gudu a ƙasa, ni kuma ina juya shi zuwa Hausarmu ta Zango, in an samu wadda ba ta gane ba in ƙara mata da yaren Twi. Akwai wata 'yar wasa da ta sace zuciyar gidan gaba ɗaya. Sunanta ya gagari bakin tsofaffi, sai suka raɗa mata 'Yar Fakistan, kamar ita kaɗai ce mace a ƙasar. Kai, matar nan ta iya! Yau likita ce, gobe bazawara mai ɗinki, jibi lauya a gaban alƙali, kuma a kowanne sai ka rantse a haka aka haife ta. Ba ta ihu, ba ta birgima. Ido kawai za ta ɗaga, ka ga Mma Hajiya tana share hawaye da bakin mayafi.

Ni na fi kowa sanin tarihinta, don duk hirar da aka yi da ita na bi na kalla. 'Yar malamin makaranta ce, ba gidan masu kuɗi ba. Da tallar yadi ta fara, ana ɗaukar hotonta da sababbin kaya. Daga nan aka ji muryarta, aka ba ta waƙar buɗe wani wasa, waƙar ta fi wasan tashe, sai aka ce to ta shigo ta gwada wasan da kanta. An zage ta ba kaɗan ba, an ce mai tallar kaya me ta sani, ta yi shiru ta ci gaba da aikinta har masu zagin suka koma yabo. Da mahaifiyarta ta kwanta ciwo ta ajiye komai ta yi jinya, ta dawo aka karɓe ta hannu biyu. Ta kuma buɗe wurin koya wa 'yan mata sana'a a garinsu. Ina son matar nan har cikin raina, kuma har yau ina son ta. Burina a duniya in zama irinta.

Matsalar ita ce muryar ba a maƙogwarona Allah ya sa ta ba. Akwai wata Hajiya a unguwar Nima mai ƙungiyar mata mawaƙan biki da suna, tana da ɗan ɗakin ɗaukar waƙa a bayan gidanta, mace mai mutunci da kowa ya sani. Na je wurinta a ɓoye na yi mata waƙa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce min cikin ladabi ina da bakin gabatarwa, amma waƙa dai in haƙura. Na fito ina murmushi, na shiga trotro, motar hayarmu ta cikin gari, na yi kuka har na wuce tashata. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan kamar wata biyu, sai ga Hajiyar nan a gidanmu ta zo gaisuwar haihuwa. Ƙanwata tana bakin famfo tana wanki, tana rera waƙar 'Yar Fakistan. Kalma ɗaya ba ta sani ba a yaren, da kunne ta haddace, amma duk lanƙwasa da saukar muryar tana bi kamar ita ta ƙirƙira. Hajiyar ta tsaya cak da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta sa aka kira yarinyar, ta ce ta sake, sannan ta ce ta yi mata ta Hausa. Kafin ta bar gidan ta durƙusa gaban Mma Hajiya ta roƙi a ba ta ita. Ta ce da rana za a riƙa koyo, bikin mata kawai za ta je, kuma ita da kanta za ta riƙa dawo da ita gida kafin magariba. Ƙanwata shekararta goma sha bakwai a lokacin. Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haske irin na ranar ba, har ƙosai ta ƙona washegari don murna.

Mma Hajiya ba mai gaggawa ba ce. Ta ce a ba ta mako guda. Ta tambayi malamin unguwa, ya ce in an kiyaye mutunci kuma cikin mata ne, shi bai ga abin hanawa ba. Ta tambayi ƙawayenta, bakinsu ya rabu biyu. Ranar Alhamis da la'asar, mata sun taru kamar kullum, sai ta ce min yau ba wasa take so ba. Ta ce in nemo mata inda 'Yar Fakistan take magana da bakinta a kan rayuwarta, tunda ita ta shiga ta gani, ita ce za ta faɗi gaskiyar sana'ar nan. Ta ce abin da matar ta faɗa, shi za ta bi.

Na san hirar da zan sa, don na kalle ta ya fi sau goma. A ciki an tambaye ta yadda ta fara waƙa, sai ta ba da labarin mahaifiyarta, yadda ta riƙe hannunta ta kai ta ɗakin ɗaukar waƙa ranar farko, ta zauna a benci a waje da carbi har aka gama, dangi suna ta surutu ba ta kula su ba. Tana cikin faɗa murya ta karye, hawaye suka zubo, ta ce duk abin da ta zama daga wannan bencin ya fito. Hawayen godiya ne tsantsa. Na riƙe wayar a hannuna maimakon in jingina ta. Na dubi ƙanwata, ta zauna a kan turmi ta haɗa hannuwa tana kallon bakina. Sai na ce a raina: Ni da na yi karatu, ni da na kawo matar nan gidan, a ce mai suyar ƙosai ce za ta zama ita?

Sai na buɗe baki na ce, “Mma, cewa take yi waƙa ta cinye mata rayuwa. Ta ce duk yarinyar da ta buɗe baki ta yi waƙa a gaban mutane, ta rabu da kwanciyar hankali ke nan har abada.”

Ban tsaya nan ba, tunda bakin ya saba. Na ƙara da cewa mahaifiyarta da baƙin cikinta ta kwanta, kuma da za a mayar da ita baya da ba za ta taka ƙofar wurin ba. Hawayen suna zuba a allon waya, su suka zama shaidata. Wata maƙwabciyarmu ta ce Allah sarki, ashe duk kyan nan ciki ya ruɓe. Mma Hajiya ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce to an gama, jikarta ba za ta yi irin kukan nan ba. Ƙanwata ta roƙi in mayar baya ta gani da idonta. Na mayar, amma karatunta na aji huɗu ne, kafin ta haɗa kalma biyu layin ya wuce. Ta sunkuyar da kai ta ce ta yarda, ai Yaya ba za ta yi mata ƙarya ba.

Na zaci daɗi zan ji, ban ji ba. Na ce a raina kwana biyu ne ta manta, ko in gyara maganar in an kwana biyu. Amma kullum sai gyaran ya ƙara nauyi. Abin da ya fi damuna, Mma Hajiya ta ɗauki 'Yar Fakistan ta sa a addu'arta. Bayan kowace sallah sai in ji tana roƙon Allah ya yaye wa baiwar Allah nan damuwarta, ya ba ta mafita. Haka ta yi ta yi har Allah ya karɓi ranta bayan shekara uku, ba ta san jikarta ta yi mata ƙarya ba. Famfo kuwa ya koma shiru. Ƙanwata ta daina waƙa ko a wurin wanki, kuma in an taru kallo sai ta ce tana da aiki, wai ba ta iya kallon matar, tausayi take ba ta. Daga baya ta yi aure a unguwar Alajo, mijinta mutumin kirki mai gyaran firji. Ni kuma na zama mai gabatarwa a wurin bukukuwa, kamar yadda Hajiyar Nima ta hango. Sau da yawa ni ke miƙa wa 'yan ƙungiyarta makirufo, kuma ban ji wadda ta kai ƙanwata a cikinsu ba.

Shekara tara ina ɗauke da abin nan. Watannin baya na je Alajo ranar Lahadi da hantsi, muna tsinke alayyafo a ƙofar ɗaki. 'Yarta ta fari, mai shekara shida, tana wasa da murfin kwalba tana waƙar da suka koya a makarantar allo. Muryar uwar ce sak, har tsigar jikina ta tashi. Kafin in ce masha Allah, ƙanwata ta daka mata tsawa ta ce ta rufe mata baki. Yarinyar ta tambayi laifin da ta yi. Uwar ta ce, “Wadda ta fi ki murya ma tana can tana kuka, ta ce waƙa ta cinye mata rayuwa. Tambayi Antinki, ita ta karanta mana.”

Edita, ganyen ya zube daga hannuna. Maganar da na ƙaga a cikin minti ɗaya don hassada, ga ta ta yi shekara tara, ta haye kan yarinyar da ba a ma haifa ba a lokacin. Na ce wa yarinyar ta je waje. Na nemo hirar a waya, na zauna kusa da ƙanwata, na riƙa tsayar da hoton layi bayan layi, ina sa yatsa a ƙarƙashin kowace kalma ina fassarawa, don ta bi da idonta. Muka zo wurin benci da carbi. Na gaya mata na taɓa zuwa wurin Hajiyar Nima a ɓoye an ƙi ni, na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce in sake mayarwa, ta kalla har sau uku. Sannan ta ce, “Yaya, shekara tara ina jin tausayin matar nan. Ashe ni ce abin tausayin.”

Ta ce ta yafe, don Mma Hajiya ba za ta so mu rabu ba. Ta leƙa waje ta kira 'yarta ta ce ta ƙarasa waƙarta, yarinyar ta ƙarasa tana satar kallon uwar ko za a sake tsawa. Na roƙi ƙanwata ita ma ta rera min ko baiti ɗaya. Ta gyara zama, ta buɗe baki, ta rufe. Ta ce ba ta san inda za ta kamo shi ba yanzu, ta ɗauki tiren alayyafo ta shiga ciki.

Abin da na koya shi ne, wanda ya miƙo maka takarda ya ce karanta min, amanar idonsa ya ba ka. Mu da aka bari a makaranta wasu suna gindin kasko, mu ne ke karanta wa iyayenmu takardar likita da saƙon dangi da maganar mutanen da ba za su taɓa haɗuwa da su ba, kuma ba mai duba mu sai Allah. Ina roƙon duk mai wannan matsayi a gidansu ya faɗi abin da ke rubuce, ko da ba ya so, in kuma zuciyarsa ta ƙi, ya miƙa wa wani. Na zalunci baiwar Allah da ba ta san da ni a duniya ba, na mayar da godiyarta ga mahaifiyarta ta zama nadama. Na zalunci kakata da ta so yin adalci. Waɗannan biyun ba ni da hanyar neman gafararsu sai addu'a. Ƙanwata kuwa ta yafe min da bakinta, muna gaisawa, muna ziyartar juna. Amma jiya na je na same ta a bakin famfo tana wanki, na tsaya daga nesa na daɗe ina saurare, ƙarar ruwa kawai nake ji.