Kaset ɗin da na shanya a kan kwano

Ni tela ne, kuma idon tela ba ya barin ɗinki ya wuce shi. Shi ya sa ranar da na fara kallon fim ɗin nan a ɗakin maƙwabcina, abin da na fara hangowa a jikin dodon shi ne zif. Wai daga wata duniya ya faɗo cikin tafki, kai kamar tulu, ido uku, fata irin ta tarwaɗa. Amma da ya juya baya sai ga zif tun daga wuya har ƙugu, ɗinkin ma a karkace. Na yi dariya har da hawaye, na ce da ni aka ba aikin nan, ko uwar dodon ba za ta gane riga ce ba.

Maƙwabcin nawa malamin kimiyya ne a sakandare, mutumin Filato, Kirista. Duk unguwarmu a Haɗeja Ticha ake ce masa, kuma a ƙarshen shekarun tamanin shi kaɗai ke da bidiyo a layinmu. Kaset ɗin ba shi da ƙarshe. Daidai inda mutanen gari suka kewaye tafkin da jarkokin fetur, dodon ya ɗago yana riƙe da wata likita mai tabarau, sai hoto ya yi tsalle, sai ga mata da anko suna rawa a harabar coci. Bikin ƙanwar matarsa aka ɗora a kai.

Duk Asabar bayan la'asar, in an kawo wuta, muna gaban akwatin talabijin ɗinsa. Matarsa ta soya mana kifi, mu ci muna yi wa fim ɗin tsiya: jirgin dodon murfin tukunya ne da aka rataye da zare, jinin kuwa manja ne ƙiri-ƙiri. Ba na jin Turanci, amma sai da na haddace ihun ɗan sandan ciki. Muna rena fim ɗin, muna kuma son sa kamar me. Da bikin ya shigo sai gardama ta tashi.

Ni na ce ƙona shi za su yi, kuma ya cancanta, tunda ya ci mutum uku. Ticha ya ce in ƙirga da kyau, ba wanda aka nuna ya ci, tsoro ne ya jefa su ruwa. A ganinsa duniyar dodon ce ta bushe, ya zo neman ruwa, likitar kuma tsamo ta yake yi, kuma a ƙarshe mutanen za su gane su ƙyale shi. Har zane yake yi mini a bayan takardun jarrabawa. Ni kuwa ina da saurin fushi, sai in miƙe ina nuna akwatin da ƙayar kifi.

Wata rana ya ce, "Malam, baƙo ne fa. Bai iya yaren garin ba, iyakar laifinsa ke nan."

Na ce baƙon da ya zo da ido uku ai sai ya yi haƙuri da abin da ya samu. Ya yi murmushi kawai. Ban gane har da kansa yake nufi ba a lokacin, kuma har yau ina jin kunyar amsar nan.

Da dogon hutu ya zo, zai tafi gida da iyalinsa, ya kawo mini kaset ɗin ajiya saboda ɗakinsa yana yoyo. Na sa shi a akwati a ƙarƙashin gado. A damunar nan kogi ya yi ambaliya. Shinkafar mutanen Auyo ta nutse, mutanen Guri suna shigowa gari a kwalekwale da 'yan komatsansu, mu ma ruwa ya shigo mana har gwiwa. Da ya janye na tarar da kaset ɗin ya sha ruwa.

Mu mutanen fadama magani ɗaya muka sani ga abin da ya jiƙe: rana. Shinkafa, kifi, katifa, duk shanya ce. Sai na kwance kaset ɗin, na zaro zaren a hankali, na shimfiɗa shi layi-layi a kan kwanon ɗakina, na danne da duwatsu, ina ta yaba wa kaina dabara. Kafin azahar ya ƙanƙance ya murɗe kamar busasshiyar kuɓewa.

Da Ticha ya dawo na miƙa masa a leda. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zafi ne ke kashe shi, da a inuwa aka bar shi wataƙila da ya tashi. Ya ce ba komai. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Mun gwada wasu finafinan, amma duk suna da ƙarshe, ba abin da za mu yi musu a kai. Kunya ta sa na fara ƙirƙiro ɗinkin gaggawa duk Asabar. Shi bai guje ni ba, ni na guje shi.

Shekara na zagayowa ya samu canjin wurin aiki zuwa gida. Ya zo shago yi mini sallama ina kan keke. Ya ce, "In ka taɓa ganin ƙarshensa, ka aiko mini." Na ce to. Ban tambaye shi adireshi ba, shi ma bai bayar ba.

Sai a tsakiyar shekarun casa'in, na je Kano sayen yadi, na hango dodon a bangon wani kaset a rumfar haya. Na roƙi mai rumfar ya sa mini ƙarshen kawai. Ina tsaye da ƙunshin yadi a kafaɗa na ga dodon ya ajiye likitar a bakin tafki, da ranta, ya ɗaga hannuwansa biyu. Mutanen suka dubi juna, suka watsa masa fetur, suka cinna wuta. Har cikin wutar ana ganin zif ɗin, amma ban yi dariya ba.

Ticha ya san dodon, ni kuma na san mutanen garin. Na ci rabin gardamar, kuma ban taɓa cin abin da ya ɓata mini rai kamarsa ba. Na saye kaset ɗin, na naɗe shi da ƙyalle, na ajiye a inuwa, a saman kabad inda ruwa ba ya kaiwa. Yana nan har yanzu, ban san inda zan aika shi ba.