Tambai da Kifaffen Turmi

A shekarun da motar mishan ke zuwa Unguwar Gajere ran kasuwa kaɗai, Tambai mai daddawa ce ungozomar ƙauyen. Gajeriya ce mai kaifin baki. Ta ɗan koyi aiki wurin wata sista, ta dawo da almakashi da taurin kai.

A lokacin yankinmu ya fi birni rasa mata wurin haihuwa, kuma ba nisan hanya kaɗai ke jawo haka ba. Kunya ce. Mai cikin fari ba ta iya cewa naƙuda ta zo a gaban surukai, sai ta cije bakin zani a ɗaka har lokaci ya ƙure. Haka ƙanwar Tambai ta tafi. Don haka Tambai ta kafa doka: kada ki ce uffan, kife turminki a ƙofar gida kawai. Duk wanda ya gani ya ruga ya kira ta.

Wata Laraba da hantsi, Kyauta matar Bawa ta kife nata ta shige ɗaki. Uwar mijinta, Dudu, ta fito ta zagi awakin maƙwabta da ɓarna, ta tayar da turmin, ta zuba gero.

Tambai na wucewa da talla ta ji daka, ta leƙa.

"Dudu, yau ke ce da taɓarya? Rabon hannunki da ita tun bikin Bawa. Ina yarinyar?"

"Tana ɗaka, son jiki ya motsa."

"Yaya kika tarar da turmin nan?"

Dudu ta tsaya, taɓarya a sama, ta tuna a kife ta tarar da shi.

"Bawa! Ɗaura wa shanu amalanke, sarkin nauyin jiki, matarka ce!" Tambai ta ƙwala masa kira.

Kafin la'asar suna asibiti. Yaron a gicciye ya zo, sai da aka yi aiki, amma Kyauta ta dawo gida da ƙafarta, da goyo. Yohanna aka sa masa a coci, sai dai har ya yi furfura Turmi muke kiransa.

Dudu kuwa ta zama mai gadin turame. Sau biyu tana tara gari da ihu kan turmin da aka wanke aka kife ya bushe. Mutane suka kai ƙara wurin Tambai.

"Ku bar ta," in ji Tambai. "Gudun banza ya fi zaman makoki."